Ln -s ba gyara bane, rufe wa kwamfuta baki ne

Duk wanda yake riƙe da sabar Linux a garin nan na Legas, ko ta kamfani ce a Yaba ko irin wadda ake turawa ƙarƙashin tebur a ofishin wani Alhaji a Mile 12, in dai ya taɓa ɗaga Ubuntu daga 20.04 zuwa 22.04 to ya san wannan layin. Jiya manhaja na aiki lafiya lau, yau ka kira ta a tamina sai ta watso maka:

error while loading shared libraries: libssl.so.1.1: cannot open shared object file: No such file or directory

Sai ka leƙa /usr/lib/x86_64-linux-gnu kaga libssl.so.3 a zaune abinsa, sai zuciya tace maka ai ga shi nan, sabo ma, lamba ce kawai ta canza. Ka jefa tambaya a guruf ɗin WhatsApp na 'yan uwa masu harkar kwamfuta, kafin ka ajiye wayar wani ya turo maka maganin, wai ka yi ln -s ka laƙa wa sabon fayil ɗin sunan tsohon, abin da ake kira simlink, ya ƙara da cewa "wallahi ni ya min aiki". To wannan "ni ya min aiki" ɗin shi ne ya dame ni, don a wannan harkar ranar da dabarar ta ƙi aiki ita ce ranar da ka yi sa'a, ranar da ta yi aiki kuwa ranar ka ɗauko wa kanka ko wani bawan Allah rigimar da ba'a san ranar fashewarta ba.

Yawancinmu kallon ado muke wa lambar nan da ke bayan .so. Idan aka harhaɗa manhaja da aka rubuta da C ko C++ ba'a cusa mata duk abin da take buƙata a cikinta, sunayen laburarukan da zata nema ranar da aka kunna ta ake rubuta mata, wato fayilolin .so masu ɗauke da ayyukan da manhajoji ke tarayya a kai, in ka buga readelf -d a kan fayil ɗin zaka gansu jere kowanne da NEEDED a gabansa. Wannan sunan shi ake kira soname, kuma lambar da ke jikinsa alkawari ce: duk fayil ɗin da ya amsa wannan suna, girman kayan cikinsa da yadda aka jera su da yadda ake kiran ayyukansa suna nan yadda manhajar ta san su. Masu rubuta laburare ba sa son taɓa wannan lambar ko kaɗan, saboda ranar da suka taɓa ta sai mutanen Debian da Ubuntu da Fedora sun sake harhaɗa duk wata manhaja da ta jingina da shi, aiki ne ja. Dubi glibc mana, babban laburaren C na Linux, tun 1997 sunanta libc.so.6, ana ta gyara ana ta ƙari duk tsawon shekarun nan amma shidan bai motsa ba, don sun ɗaure wa kansu kada tsohuwar manhaja ta mutu saboda su. Kenan in kaga OpenSSL, mai wancan libssl ɗin, ta tashi daga 1.1 ta dira a 3 a watan Satumba na 2021, ba sha'awa bace, mutanen da suka fi kowa sanin cikin abin ne suke gaya maka cewa wannan da wancan ba ɗaya bane. Kai kuma da layi guda ka ce musu ƙarya suke.

Ga inda abin yake. Manhajar da aka riga aka harhaɗa bata san sunayen filaye ba, lambobi ta haddace. A ce misali ta san wani tsarin bayanai girmansa bayit 24 ne, abin da take nema kuma yana nan bayan bayit 8 daga farko. Sabon laburare yazo ya ƙara fili guda a tsakiya, girma ya koma 32. Ita manhaja ta ware wurin 24 ta miƙa masa, shi kuma ya rubuta 32 da zuciya ɗaya, bayit 8 ɗin da suka yi rara sun sauka a kan duk abin da ke maƙwabtaka da wurin a memori. Me ke wurin? Allah masani. Yana iya zama fili ne da ba'a amfani da shi, a shekara ana aiki ba wanda ya ji komai, yana iya zama adireshin da manhaja zata koma in ta gama, nan take kaga Segmentation fault, yana kuma iya zama jimillar kuɗin da za'a buga a rasit. Shi kuwa loda, wato ld.so mai ɗauko wa manhaja laburarukanta lokacin tashi, baya duba ko ɗaya cikin wannan. A C suna kawai yake tambaya, akwai aiki mai suna kaza? Akwai. Shikenan wuce. Ko da can abu biyu aikin yake karɓa yanzu ya koma uku, ko da can lamba yake dawowa da ita yanzu adireshi, ba ruwansa.

In kana son kaga yadda manya suke ɗaukar wannan magana, duba sunayen fakej a Ubuntu 24.04, zaka ga irin su libssl3t64. Wannan t64 ɗin saboda abu ɗaya ne tak, ma'aunin lokaci da ake kira time_t ya tashi daga bayit 4 zuwa 8 a kan wasu na'urori masu bit 32, don kada agogonsu ya cika ya juye a shekarar 2038. Saboda wannan canjin na bayit 4 aka bi laburaruka masu yawan gaske aka canza wa fakej ɗinsu suna aka sake harhaɗa su, Debian ta sha wahalar watanni a kai. Mu kuma muna nan muna haɗa sigogin da ke da shekaru tsakaninsu da ln -s muna cewa manej.

Shi OpenSSL ɗin ma yana da kirki, yawanci baya barinka ka cuci kanka. Ayyukan cikinsa kowanne da tambarin siga a jikinsa, saboda haka in ka yi simlink ɗin sai saƙon ya canza ya koma version OPENSSL_1_1_0 not found, ka dawo inda ka fara. ICU, laburaren sarrafa rubutun harsuna, ma haka, shi lambar sigar ce ma a maƙale a wutsiyar sunan kowane aiki, manhajar da aka harhaɗa da ICU 66 na 20.04 tana neman suna mai ƙarewa da 66, wanda ke 22.04 kuma 70 ne, sai undefined symbol. Waɗannan sun taimake ka. Matsalar tana wajen laburarukan da basu da wannan tsaron, kuma suna da yawa, musamman ƙananan da ke zuwa da direban firinta da na'urar ɗaukar zanen yatsa da irin manhajojin da wani kamfani ya rubuta ya sayar ya manta da su. Akwai kuma wani hali da loda ke da shi a wasu manhajojin, baya neman aiki sai lokacin da aka fara kiransa. Wato manhaja zata tashi, kowa ya shiga ya yi aikinsa, kai ka karɓi kuɗinka ka hau mota ka koma Agege, sai ƙarshen wata akanta ya danna maɓallin fitar da rahoto wanda ba'a taɓa dannawa ba tun ranar, a lokacin ne za'a nemi aikin da sabon laburare ya riga ya cire, manhaja ta faɗi da symbol lookup error. Kuma ba wanda zai haɗa wannan da abin da aka yi sati uku da suka wuce, cewa za'a yi bairos ne.

Na san abin da ya ɓata mutane, libtinfo ne, wani ɓangare na ncurses mai sarrafa rubutun tamina. Ncurses ta koma siga 6 tun 2015 amma har yau akwai tsoffin kayan aiki da ke neman libtinfo.so.5 ko libncurses.so.5, kuma Ubuntu 24.04 ta daina kawo su. Mutane suna laƙa wa na 6 sunan na 5 kuma sau da yawa abin yana tafiya, iyaka ya ɗan yi ƙorafin no version information available ya wuce. Daga nan sai mutum ya ɗauka ai haka ake yi wa kowane laburare. Yana tafiya ne saboda manhajar 'yan ayyuka kaɗan take taɓawa kuma waɗannan ɗin basu canza ba, sa'a ce ba ƙa'ida ba. Ni ba zan yi maka faɗa ba in a laftof ɗinka ne kana son buɗe wani tsohon instola sau ɗaya ka goge simlink ɗin, in ya lalace rubutun tamina ne zai hargitse. Amma duk abin da ke taɓa kuɗin mutane, ko kalmar sirri, ko bayanan marasa lafiya, a'a. Duk mun san masu gyaran wutar da in fiyus ya ƙone sai su naɗa waya a gurbinsa, wuta ta dawo kowa yayi ta godiya, alhali fiyus ɗin shi kaɗai ne a gidan aikinsa ya mutu don kada firij ya ƙone. Saƙon cannot open shared object file shi ne fiyus ɗin.

Abin da ba'a cika faɗa ba shi ne wanda zai gaji aikin. Simlink ɗin da ka yi da hannu apt da dpkg, masu kula da fakej a Ubuntu, basu san da shi ba, ba ya cikin kowane fakej, in ka tambayi dpkg -S waye mai wannan fayil ɗin cewa zai yi bai sani ba. Kwanaki an kira ni wani babban shagon sari, sabarsu ta ƙi buga rasit, layi har waje. Yaron da ke kula musu da ita ya samu aiki ya koma Abuja, ba takarda ba bayani. Alhajin yace min "Malam jiya fa lafiya muka tashi, wuta kawai aka ɗauke da daddare inbata ta mutu." Nace ranka ya daɗe ba jiya abin ya lalace ba, jiya dai ya bayyana. Abin da ya faru shi ne an yi simlink ya nuna cikakken sunan fayil har da ƙananan lambobinsa na ƙarshe, afdet yazo ya kawo fayil mai sabuwar ƙaramar lamba ya share tsohon, simlink ya koma nuna wurin da ba komai. Amma manhajar da ke kunne bata ji ba, don Linux baya ƙwace laburaren da aka riga aka loda a memori ko an goge shi daga faifai, zata ci gaba da amfani da tsohon har ranar da aka kashe ta. A wata ƙasar wannan ranar mai kula da saba ne yake zaɓarta. A Legas wuta ce take zaɓar maka, kuma bata taɓa zaɓar ranar da kake kusa. In ka gaji saba irin wannan, buga find /usr/lib -xtype l ka ga matattun simlink, sannan ka bi masu ran ma ka tambayi dpkg -S su waye, wanda ba shi da mai shi ka bincika ko ɗan adam ne ya dasa shi.

Dabara ta biyu ta fi wannan mutunci amma ita ma da nata. A sauko da tsohon libssl1.1 na 20.04 a saka da dpkg -i, ko a ƙara ma'ajiyar tsohuwar sigar a cikin jerin apt. Ta fuskar alkawarin nan daidai ne, manhaja ta samu ainihin abin da ta nema, haka mutane da yawa suka yi da MongoDB 5 da tsohon wkhtmltopdf da .NET Core 3.1 lokacin da 22.04 ta fito a Afrilun 2022. Sai dai fakej ɗin da ka saka da hannu ba shi da inda zai samu afdet, yana nan yadda ka ajiye shi har abada. OpenSSL ta daina tallafa wa 1.1.1 kyauta tun 11 ga Satumba 2023, tallafin yau da kullum na Ubuntu 20.04 shi ma ya ƙare a watan Mayun 2025 sai ga masu Ubuntu Pro. Kuma wannan fa laburaren da ke tsakanin sabarka da intanet ne, shi ke ɓoye kalmar sirri da bayanan biyan kuɗi. Waɗanda suka ga Heartbleed, wancan babban ramin tsaro na OpenSSL, a Afrilun 2014 sun san amfanin laburaren da kowa ke tarayya a kai, an gyara fayil ɗaya an sake kunna manhajoji kowa ya tsira. Wanda ke da kwafin da ya ɓoye a wani lungu kuwa, apt zai ce masa komai sabo ne, shi ma ya kwanta da murna, ramin na nan a buɗe. Shi kuma ƙara ma'ajiyar wata sigar a bar ta a wurin, ko mafi muni ma'ajiyar sigar da ta fi taka sabunta, hanya ce ta haɗa tsarin da ba wanda ya taɓa gwada shi a duniya sai kai, mutanen Debian har suna suka sa masa, FrankenDebian.

Akwai wata ƙaramar masifa a nan da take cin lokaci. Manhajarka ta lodo libssl.so.1.1 da ka saka mata, amma tana amfani da libcurl na tsarin, laburaren aika bayanai ta intanet, shi kuma ya lodo libssl.so.3, sai ga sigogi biyu a cikin manhaja ɗaya. In kowa ya tsaya a nasa a zauna lafiya, amma ranar da aka ƙirƙiri abu da wannan aka miƙa wa wancan sai faɗuwa, kuma irin faɗuwar da sau ɗaya take zuwa a cikin da yawa, ka kwana kana nema baka gani ba.

Glibc kuwa don Allah kar a taɓa ta. Wannan na fi ganinsa wajen masu Linux ɗin CentOS 7, wadda ke kan glibc 2.17 kuma ta ƙare tun 30 ga Yuni 2024 amma har yanzu tana nan cike da sabobin mutane. Mutum yana son Node.js 18, ita kuma 2.28 take nema, sai GLIBC_2.28 not found, sai ya samo libc.so.6 daga wata kwamfutar ya ɗora a kan nasa. Daga wannan daƙiƙar ls baya aiki, cp baya aiki, mv ɗin da zaka mayar da tsohon da shi baya aiki, sudo baya aiki, sabon ssh baya shiga, saboda kusan komai a tsarin a kan wannan fayil ɗin yake tsaye, kuma shi da loda tare ake harhaɗa su dole su zama 'yan siga ɗaya. In VPS ne, wato sabar haya a intanet, ka shiga ta hanyar ceto da kamfanin ya tanada, in kuma ƙarfe ne a wani ofis a Apapa kai kana Ikeja to ɗauki filash ɗinka ka shiga gosulo. In hakan ta same ka kar ka rufe taminar da ke buɗe, wani lokacin ita kaɗai ce ƙofar da ta rage, in da busybox, tarin ƙananan umarni irin su ls da cp a fayil ɗaya, irin wanda baya dogara da laburaren waje a kwamfutar zai iya fitar da kai. Alkawarin glibc hanya ɗaya yake bi, tsohuwar manhaja zata yi aiki a kan sabuwar glibc, sabuwar manhaja ba dole tayi a kan tsohuwa ba. Shi yasa in kai ne mai rubuta manhaja kana raba wa kwastomomi, a kan mafi tsufan tsarin da kake son tallafawa zaka harhaɗa, ba a kan laftof ɗinka mai 24.04 da glibc 2.39 ba.

Ƙannenmu masu koyon harkar data su kuma LD_LIBRARY_PATH ne nasu, wato saitin da ke gaya wa loda foldar da zai fara neman laburare. Anaconda, tarin kayan Python da suke amfani da shi, tana zuwa da nata libstdc++, laburaren C++, wani abu ya nemi GLIBCXX_3.4.30 bai samu ba, sai a zuba layi a .bashrc a manta, daga ranar duk wata manhaja da aka kira daga wannan taminar sai ta fara leƙa foldar Anaconda kafin ta tsarin, bayan wata biyu wani abu daban da ba shi da alaƙa ya fara hauka. Python ma haka, 20.04 da 3.8 tazo, 22.04 da 3.10, 24.04 da 3.12, in ka ɗaga tsarin tsohon venv, wato foldar Python da aka ware wa aiki ɗaya, ya mutu, maganinsa a goge shi a sake ginawa daga requirements.txt, aikin 'yan mintoci in da data. Amma sai kaga an juya /usr/bin/python3 zuwa wata sigar daban, sai kayan aikin Ubuntu ita kanta su fara kukan No module named apt_pkg.

Kada 'yan Windows su yi dariya, na Computer Village, kasuwar kwamfutar Ikeja, ya fi kowanne yawa. Manhaja tace VCRUNTIME140.dll ko MSVCP140.dll ya ɓata, yaro ya shiga wani shafin da ba'a san mai shi ba ya sauko da fayil guda ya jefa a System32. Na farko baka san abin da aka cusa a cikin fayil ɗin ba kuma ka ba shi wurin zama a tsakiyar tsarin. Na biyu a Windows mai bit 64, System32 na masu bit 64 ne, SysWOW64 kuma shi ne na masu 32, sunayen a juye suke da yadda hankali zai ɗauka, in aka saka ba daidai ba sai 0xc000007b. Alhali Visual C++ Redistributable yana nan kyauta a shafin Microsoft, ka saka na x86 da na x64 ka huta.

Wani abin da ya kamata ya ƙara mana tsoro shi ne ko lambar bata canza ba ana iya shan mamaki. Glibc 2.28 da ta fito a Agustan 2018 ta canza ƙa'idar jera rubutu, sunan fayil na nan libc.so.6, ba manhajar da ta ƙi tashi, ba saƙon kuskure ko ɗaya. Amma manhajar databes ta PostgreSQL da ke jera indes ɗinta na rubutu da wannan ƙa'idar, duk wanda ya ɗaga tsarin daga Ubuntu 18.04 zuwa 20.04, ko Debian 9 zuwa 10, ko CentOS 7 zuwa abin da ke gaba, ya bar fayilolin databes ɗin yadda suke, to indes ɗin an gina shi da tsohon jeri ana karanta shi da sabo. Sakamakon, ka nemi layin da ka tabbata yana nan a ce babu, ko abin da aka hana maimaituwa ya shiga sau biyu. Gwajin da aka saba yi shi ne a ba sort rubutu biyu, 1-1 da 11, a en_US.UTF-8, tsohon tsari da sabo kowa da wanda yake sawa a gaba. Maganin REINDEX ne, wato sake gina indes ɗin, kuma sababbin sigogin PostgreSQL sun koyi yin gargaɗi in sigar jerin ta canza. In abin da bai yi ƙara ba zai iya wannan ɓarnar, ina ga wanda ya tsaya ya gaya maka da bakinsa cewa ba zai iya ba kai kuma ka toshe masa baki.

To me za'a yi, tunda Alhaji rasit yake son gani ba lacca ba? In akwai tushen manhajar a hannu a sake harhaɗa ta a kan sabon tsarin, yawancin matsalolin nan a nan suke ƙarewa, npm rebuild, gem pristine, sabon venv, a Mac kuma brew reinstall in icu4c ya motsa ya bar php ko node a baya. In ta wani kamfani ce a duba ko sun fitar da ta wannan sigar, sau tari sun fitar mutum ne bai duba ba. Wani lokacin gaskiyar mai ɗaci ce, PHP 7.4 bata san OpenSSL 3 ba, sai 8.1 aka daidaita su, kenan aikin da ke gabanka ɗaga manhajar ne gaba ɗaya ba neman fayil ba, kuma gara a gaya wa mai shi kuɗin tun wuri. Masu Arch Linux ku naku a rubuce yake, kar a yi rabin afdet, pacman -Syu gaba ɗaya ko a bari, kuma su ma sun hana gyara da simlink. In ba yadda za'a yi, kamfanin ya mutu ko ya daina amsa waya, a sa manhajar a Docker, wato keɓantaccen akwati a cikin sabar, da tsohon tsarin da ta saba da shi. Wannan bai toshe ramukan tsaron tsohon laburaren ba fa, killace su yayi, don haka kar a bar ta tana fuskantar intanet kai tsaye, a sa sabar yanar gizo ta nginx na sabon tsarin a gabanta ya riƙe ɓangaren TLS, wato ɓoye bayanan da ke bi ta intanet.

Kafin a ɗaga tsarin ma akwai abin yi da baya cin komai. A ɗauki sinafshot ko cikakken bakof, sannan a bi duk abin da ba apt ne ya saka shi ba, na /opt da /usr/local da foldar gida, a duba abin da kowanne ke nema da objdump -p a tace NEEDED, a gwada da abin da sabuwar sigar ke kawowa. Na ce objdump ne don ldd yana iya kunna fayil ɗin a wasu yanayi, littafinsa ma ya yi gargaɗi kar a yi shi a kan abin da ba'a yarda da shi ba. Bayan afdet kuma a sake kunna sabar da gangan kana tsaye a wurin, da rana, ba ranar Juma'a da yamma ba, needrestart da ke zuwa da sabar Ubuntu tun 21.04 yana nuna maka waɗanda ke riƙe da tsoffin laburaruka.

Wani ƙanina da nake koya wa aiki ya tambaye ni, "Yaya to in duk wannan bai samu ba, kwastoma na tsaye a kaina?" Nace to ka kawo ainihin tsohon laburaren daga ma'ajiyar Ubuntu ko Debian ta gaskiya, ba sabon da aka canza wa suna ba, ka buɗe fakej ɗin da dpkg -x ka ajiye fayil ɗin a foldar manhajar ita kaɗai, misali /opt/sunanta/lib, ka nuna mata wurin da patchelf --set-rpath ko da ɗan sikirif da zai saita LD_LIBRARY_PATH mata ita kaɗai lokacin tashi, kar ka taɓa /usr/lib. Ka ajiye fayil ɗin rubutu a gefensa, daga ina ka samo shi, wace siga ce, wace rana, me yasa. Sannan ka tura wa mai shagon saƙo a rubuce cewa wannan na wucin gadi ne ga kuɗin gyaran gaskiya, don in baka rubuta ba gobe cewa zai yi ai ka ce ka gyara.